Filin Yaƙi a Kan Tebur: Daga Ƙasa Ake Farawa

Yaron shago ya kawo waya da hotunan baje kolin Salute, wanda ƙungiyar South London Warlords ke shiryawa duk shekara a Landan: teburi guda an gina masa gari da tuddai da ɗaruruwan ƴan mitsitsin sojoji. Ya ce, "Maigida, ina so in yi yaƙin Tirmini na 1899 haka, dawakin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a gefe, sojan Faransa a gefe. In fara odar sojoji ne?"

Ajiye kuɗinka tukuna, yaro. Sake duba hoton. Abin da ya kama idonka filin ne, da yadda ƙofa da itace da doki suka yi daidai da tsayin mutum. Soja mai tsada a kan fili mara awo, wasan yara ne.

Zaɓi awo ɗaya ka riƙe. Mafi yawan teburan nan soja mai tsayin milimita 28 suke amfani da shi, amma na roba mai awon 1:72 ya fi araha. A wannan awon komai raba shi 72 za ka yi. Mutum mai mita 1.8 ya koma milimita 25, ƙofar zaure mai mita 2 ta koma 28, katanga mai mita 5 kusan santimita 7. Yanka kwali tsayin mutum ɗaya ka riƙa jingina shi da duk abin da ka gina.

Kuma kada ka fara da Tirmini. Yanki filawud santimita 30 a 30, kaurin milimita 9 zuwa 12, ka yi kusurwar ganuwar Birni da dutse ɗaya irin namu na Damagaram da mahaya uku. Shafa fenti gaba da bayan katakon, don in fuska ɗaya kaɗai ta sha ruwan gam, tanƙwarewa zai yi.

Tudu da dutse, farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ya isa. Da farin gam na kafintoci kawai za ka manna shi. Gam mai warin fetur da fentin feshi cinye shi suke yi, ka ga ya lotsa a gabanka. Rufe shi da filastar gini sirara da aka kwaɓa da ɗan gam. Laka zalla ba ta yi: tana bushewa ta tsuke ta tsage, tsagar da a awon nan mutum zai faɗa ciki.

Yashi ne wurin da kowa ke faɗuwa. Ƙwayar milimita 1 a kan teburinka dutse ce mai santimita 7, ka ga filin ya zama tsakuwa. Tace shi da matacin shayi, ka shafa gam rabi ruwa rabi, ka barbaɗa, ya kwana. Sannan ka yi masa fenti, ko da launinsa na asali ya yi maka: ja-ja mai duhu a ƙasa, sai ka ɗebi mai haske, ka goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa, ka share sama-sama. Nan ƙasar ke tashi.

Sojan roba kuwa, wanke shi da sabulu, akwai maiƙon masana'anta da ke hana fenti kamawa. Shafin farko fari ko toka. Fentin akirilik, irin wanda ake haɗawa da ruwa, ka tsinka shi kamar madara, shafi biyu sirara, don mai kauri toshe fuska da naɗin rawani yake yi. Bayan nan ruwan fenti mai duhu ya gangara cikin lungunan riga da lifidi. Ka ƙara haske da duhu fiye da yadda kake jin ya dace, don daga nisan mita guda ake kallon tebur.

Zafinmu yana busar da fenti a bakin burushi. Jiƙa soso a faranti, shimfiɗa siririyar takarda a kai, ka zuba fentin a nan, ka yi aiki da sassafe. Lokacin hunturu kifa kwali a kan aikin da bai bushe ba, in ba haka ba ƙura ta zauna har abada. Kuma kada ka ajiye shi a ƙasa jikin bango, gara ba ta barin katako.