Ƙananan lasifika sun fi dacewa da ɗakinka

Ɗan'uwa, ka ce ɗakinka a Nima mita 3 ne da 4, kana tambaya tsakanin dogayen lasifika masu tsayuwa a ƙasa da ƙanana na kanta. Ni dai ƙananan nake ba ka shawara. Ɗakunanmu bulo ne da tayil, sauti yana dawowa. Dogayen nan, bes ɗinsu, wato sautin nan mai kauri, sai ya taru a kusurwa ya danne muryar mawaƙi. Na gwada a ɗakina na Aboabo, wallahi raina ya ɓaci.

Amma ƙananan, kada ka cusa su cikin kanta. Ɗora su kan ƙafafun ɗora lasifika daidai kunnenka in ka zauna, ka janye su kamar rabin mita daga bango, ka shimfiɗa darduma. In bes bai ishe ka ba, sai ka ƙara sabwufa, wato lasifikar da ke fitar da bes kaɗai, daga baya.