Ku Tambaya Mu Amsa: Ibro ko ƴan barkwancin waya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure a fadarmu ta shayi nan unguwar Ali Dan Sofo, ni na ce tunda Ibro ya rasu ba a sake yin ɗan wasan barkwanci ba, abokaina sunka ce son tsohon abu ne kawai ke damuna, wai yaran TikTok sun fi shi ban dariya. Don Allah ka raba mu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen fada. Ni dai ina bayanka, amma ba duka ba. Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙanshi, ya rasu a watan Disamba 2014, kuma har yau in ka tsaya wurin masu tura fim a katin waya za ka ji ana tambayar finafinanshi, yaran da ba su ma yi wayo ba lokacin da ya rasu sun san muryarshi. Kafin ya shiga fim aikin gandiroba ya yi, kuma ni a ganina zama da mutane iri-iri ne ya ba shi idon da yake kallon halin ɗan Adam da shi, don in ka lura Ibro bai cika buƙatar ya buɗe baki ba kafin ka fara dariya, yadda yake gyara tsayuwa in an kama shi da ƙarya, ya zaro ido, ya fara kame-kame yana neman wanda zai ɗora ma laifin, wannan kaɗai ya isa. Kuma dariyar tana zama a rai ne saboda ka san mutumin, akwai irinshi a unguwarku, mai cika baki gaban jama'a amma da mai bashi ya yi sallama sai ya nemi bayan ƙyaure.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa daga Ibro anka rufe ƙofa, ai ba ma daga kanshi anka buɗe ta ba. Tambayi iyayenka labarin Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi na gidan talabijin ɗin Kaduna wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne na gaske shi ya sa Hausar bariki ta zauna mai a baki, ga kuma Kasimu Yero da ya rasu a 2017. Mu nan Nijar muna da Yazi Dogo, malamin lakwal ne, shi da abokan wasanshi na Damagaram sun daɗe suna tara mutane gaban Télé Sahel, a zamanin da tele guda ke ɗaukar gida biyar, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida yara a gaba manya a baya. Wasanninsu ba haddar takarda ba ce, a tsara labari ne kowa ya san matsayinshi sannan magana ta fito daga baki, kuma cikin dariyar nan suke taɓa ma'aikaci mai cin hanci da ɗan kasuwa mai algus ba tare da sun zagi kowa ba. Bayan Ibro ma ga su Bosho da Daushe, ga Daɗin Kowa na Arewa24 mai ban dariya ba tare da an yi ihu ba. Sannan mu faɗi gaskiya, finafinan camama, wato na barkwanci, da yawa an yi su ne cikin gaggawa, sauti ba daɗi, labari ba kai ba gindi, Ibro ne kaɗai ke riƙe su.

Yaran waya kuwa akwai masu basira sosai cikinsu, abin da ke cutarsu shi ne minti guda ba ya isa a gina hali, shi ya sa da yawa suke tsallakawa kai tsaye zuwa ihu da faɗuwa ƙasa da ashar. Ka ce ma abokanka su kawo bidiyo guda na bara da har yanzu suke komawa su kalla.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce daga unguwar Zariya. Yarana sun koyi kwaikwayon maganar Bafillatani da ta mai in'ina daga waya, in na hana su ce ai wasa ne. Ko ni ce na cika tsanani?

AMSA: Hajiya ba ki cika tsanani ba, amma abu biyu ne a nan kar a haɗa su. Wasa tsakanin ƙabilu namu ne tun kaka da kakanni, Bafillatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, har UNESCO ta sa wasan barkwancin Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Sai dai shi wannan wasa yana da ƙa'ida, ido da ido ake yinshi, wanda ka tsokana yana da bakin ramawa kuma in ya shiga matsala kai ne na farkon zuwa. Mai in'ina ko gurgu ko makaho fa, da me zai rama? Wannan ba'a ce tsagwaronta kuma abin yana ci mini rai in na ga an maida ita hanyar neman mabiya, don akwai yaro a aji wanda gobe shi za a yi ma wannan kwaikwayon har ya daina ɗaga hannu gaban malami. Ki zauna ki kalla tare da su, inda ya dace ki yi dariyarki a fili su gani, inda anka taɓa mai lalura ki tsaida bidiyon ki tambaye su ko za su iya yin haka gaban wane, ki ambaci wani da suka sani suke ganin girmanshi.

TAMBAYA: Ni ɗalibar lise ce, duk littattafan Hausa da nake gani na soyayya ne. Akwai na ban dariya kuwa?

AMSA: Akwai ƙanwata. Nemi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam wanda ya fito a 1934, ki ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta shirya ma juna gadar zare gari bayan gari, ni har yau ina dariya a wurin. In kin gama ki shiga Magana Jari Ce mai littafi uku, inda aku ke ba da labarai. Tunda da Faransanci kika yi karatu shafukan farko za su ɗan yi miki nauyi, ki riƙa karantawa a bayyane, kunnenki zai gane abin da ido bai saba ba. Masu zuwa Katsina ko Kano sari za su iya sayo miki, kuma in kin samu ki karanta ma ƙannenki da dare bayan isha'i.