Oga, me ya sa gogen ke damewa in na sa masa eko?

Ka ce ka ɗauki goge yana nanata zubi ɗaya, ka jera shi hawa uku (ɗauka uku, ɗaya a kan ɗaya), amma da ka sa eko sai komai ya dame kamar kunu. To, saurara ɗana.

Wannan salo na nanata gajeren zubi, irin na su Steve Reich, mai tsara kiɗa na Amurka (shi ma sai da ya je Ghana a 1970 ya koyi kiɗan ganga), sarari yake so. Eko ɗan amshi ne. In mai goge bai yi shiru ba, ina ɗan amshi zai shiga? Ka ce masa ya ja sauti huɗu ko biyar, ya ɗaga izga, ya bar na'ura ta ƙarasa.

Lokacin ekon kuma ba da ka ake sa shi ba. Raba 60,000 da saurin kiɗan. In bugu 80 ne a minti, ka samu milisakan 750. In kana so amsar ta riƙa faɗawa tsakanin bugu, ɗauki kashi uku cikin huɗu, wato 562. Maimaicin ekon kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, don goge ba gurmi ba ne: sautin gurmi mutuwa yake da an taɓa tsarkiya, na goge kuwa yana nan muddin ana ja. Hawa ɗaya kawai za ka ba eko, sauran biyun ka tura ɗaya dama ɗaya hagu, ka bar su haka. A kan ribab (reverb, amon ɗaki da na'ura ke ƙara wa sauti), yanke duk abin da ke ƙasa da 300 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) da abin da ya haura 6,000, in ba haka ba ƙaiƙayin ƙaro a jikin izga zai cika kunne.

Amma ina zargin rabin matsalarka tun wurin ɗauka ta faro. Tsarkiyar izgar doki da fatar da aka rufe ƙwaryar da ita duk suna bin yanayi. Da damina su saki, murya ta sauka. Da hunturu su ɗame, ta hau. In ka ɗauki hawa na farko da safe, na biyu da la'asar, ba za su haɗu ba. Yi su a zama ɗaya, a duba saiti da zaman jaki (ɗan abin da ke tokare tsarkiya a kan fata) kafin kowane hawa. Kada ka ce Auto-Tune (manhajar daidaita murya) zai gyara, lanƙwasar muryar da ta sa goge ya zama goge ita zai fara miƙewa.

Makirfo ya yi nisan kamu ɗaya, ya ɗan kauce wa inda izga ke gugar tsarkiya, ƙarfin shigar sauti kada ya wuce -12 dB a mitar na'urar ɗauka. Bar shagon nan mai rufin kwano, shiga soron ƙasa, ka jingina katifa a bango. Kashe fanka. Janareto ma kashe shi ka koma kan batirin sola, don gunjinsa na 50 Hz in ya shiga hawa uku, sau uku za ka ji shi.