Hukuncin Ajiye Tsohuwar Wiski Don Neman Riba

TAMBAYA: Malam, ina zaune a Ingila. Abokin aikina yana so mu haɗa jari mu sayi kwalaben tsohuwar wiski ta Sikotland, mu ajiye har ta yi tsada. Ni ba na sha, masu tara irinta ma ba sa buɗewa, ado ce a wurinsu. Ya halatta?

AMSA: Bismillah. Ɗan'uwa, wannan ciniki bai halatta ba.

Na san abin da ke jan hankali. A Nuwamba 2023 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta wiskin Macallan 1926 a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan a kan fam miliyan 2 da ɗoriya, domin ta shekara 60 a ganga kuma kwalabe 40 kacal aka cika. Amma daɗewa da ƙaranci ba su sauya abin da ke ciki ba. Da tsiron sha'ir ake yinta, aƙalla kashi 40 cikin 100 nata sinadarin maye ne. Sayyidina Umar (RA) ya ambaci sha'ir a kan mumbari cikin abubuwa biyar da ake yin giya da su, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Hujjarka ita ce ba ka sha. To, a Ma'ida aya ta 90 cewa Allah Ya yi "ku nisance ta", wanda ya fi hana sha faɗi. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wani ya kawo wa Annabi (SAW) kyautar salkar giya, da ya ji an haramta sai ya yi nufin a sayar. Annabi ya ce Wanda Ya haramta shanta Ya haramta sayar da ita. Nan take mutumin ya kwararar.

Wanda ya fi kama da lamarinka shi ne na Abu Ɗalha. Marayu ne suka gaji giya, ya tambayi Annabi (SAW), aka ce ya zubar. Ya nemi ya mai da ita khal (ruwan tsami, wato binega), aka hana, kamar yadda Abu Dawud ya kawo. Duk da tsananin da shari'a ke yi kan dukiyar maraya, ba a ajiye masa giya don darajarta ba, balle mai neman riba. Mai saye da mai cin kuɗinta kuwa suna cikin goman da aka la'anta a hadisin Tirmizi.

Sayen ganga a takarda tana can a rumbu, ko sayar wa wanda ba Musulmi ba, duk hukuncin ɗaya ne a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai. Idan ka riga ka ba da kafin alƙalami, ka warware cinikin ka karɓi kuɗinka.

Allah ne Mafi sani.