Hukuncin karɓar dalar musaya a cikin kuɗin gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Shekara 14 ke nan ina zaune a birnin Birisben na ƙasar Ostireliya, kuma na sa gidana a kasuwa kan dala 600,000 domin ina son in koma Kano in yi gini in kama sana'a. Wani mai saye ya yarda da farashin ba tare da neman ragi ba, amma ya ce zai biya 480,000 tsaba, ragowar 120,000 kuma zai zuba mini su a asusun wani kamfanin musaya, da abin da suke kira dalar musaya, wadda ba a kashe ta sai a wurin 'yan kasuwar da suka yi rajista da kamfanin. Wani kuma ya taya 550,000 kuɗi hannu. Shin ya halatta in karɓi tayin farko? Idan na karɓa, zan iya sayar da makin, wato dalar musayar, ga wani in karɓi tsabar kuɗi ko da da ragi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Kafin hukunci, wajibi ne mu fahimci abin da ake son ba ka. Waɗannan kamfanoni sun ɗauki tsohon cinikin nan na ba ni gishiri in ba ka manda suka shigar da shi cikin littafin lissafi: mai otal ya saukar da mai buga takardu ba tare da ya karɓi kuɗi ba, sai a rubuta masa maki a asusunsa, shi kuma ya je ya kashe makin wurin likitan haƙori ko makaniki da ke cikin ƙungiyar. Tsarin ba sabo ba ne, domin 'yan kasuwar Suwizalan sun kafa ƙungiyar musaya ta WIR tun 1934 a lokacin da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a hannun mutane, a ƙasar da kake zaune kuma an kafa Bartercard a 1991. Makin yana ɗauke da sunan dala, ana lissafa shi ɗaya da ɗaya da dalar ƙasa, amma babu gwamnatin da ta tilasta wa kowa karɓarsa, kuma kamfanin bai ɗauki alkawarin canza maka shi zuwa tsaba ba. Abin da ke hannunka a haƙiƙa shi ne hakkin karɓar kaya ko aiki daga mambobin ƙungiya, gwargwadon abin da suke da shi da kuma abin da suka yarda su sayar.

Asalin ciniki halal ne, kamar yadda Allah ya faɗa a Suratul Baƙara aya ta 275, kuma shari'a ba ta ce dole abin biya ya zama zinariya ko azurfa ko takardar banki ba. Ana sayar da gida da gona, ana sayar da shi da shanu. An ruwaito daga Imamu Malik a Mudawwana cewa da mutane za su yarda da fatu a tsakaninsu har su zama kuɗin da aka buga, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri, ma'ana al'adar mutane tana iya mayar da abu kuɗi. Kakanninmu ma da wuri suka yi ta saye da sayarwa a ƙasar Hausa. Gida kuwa ba ya cikin dukiyar da haramtacciyar riba ke shiga, saboda haka babu irin wannan riba a cikin musanya shi da tsaba haɗe da maki. Ta wannan fuskar cinikin ba shi da aibi.

Inda nake tsayawa in yi dogon nazari shi ne sharaɗin abin biya. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda ake iya miƙawa, kuma sananne ga masu ciniki biyu, sannan Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da babu tabbas a kan abin da za a samu. Adadin makin nan sananne ne, 120,000 ne ba ƙari ba ragi, amma abin da zai saya maka ba a san shi ba sai an bincika. Mai shagon da ke karɓar maki yana iya ɗora wa kayansa farashin da ya fi na tsaba, yana iya cewa wannan watan ya ƙoshi da maki, kayan da ribarsu ba ta da yawa kuma irin su mai da siminti da kayan masarufi ba kasafai masu su ke sakin su a kan maki ba, tunda su ma da tsaba suke saro su. Gararin da ke cikin wannan ciniki yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon halin mai sayarwa. Ɗan kasuwar da ke zaune a garin, wanda duk wata yana biyan kuɗin talla da gyaran mota da masaukin baƙi, ya buɗe jerin mambobi ya ga waɗanda zai kashe makin a wurinsu, gararinsa kaɗan ne wanda ake yafewa, cinikinsa ya inganta. Wanda kuwa ya karɓa a makance, bai san mamba ko ɗaya ba, ya sayar da kashi ɗaya cikin biyar na gidansa da abin da bai san ko zai samu ba, wannan ina ganin ya faɗa cikin abin da aka hana.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa. Idan ka yarda aka zuba makin a asusunka, mai saye ya kuɓuta daga bashinka, kai kuma ka koma bin ƙungiya. Wannan ya yi kama da hawala, wato mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani, kuma abin da ke tabbace a mazhabarmu shi ne wanda aka tura shi ga wani ya karɓi bashinsa kuma ya yarda, ba shi da damar komawa kan na farko ko da wanda aka tura shi gare shi ya talauce, sai dai idan an yaudare shi. Hadisin da ya yi umarni da karɓar hawala ma ya ambaci a tura mutum ga mawadaci ne. Idan kamfanin ya durƙushe ko mambobinsa suka watse, gidan ya tafi, lambar da ke fuskar wayarka kuma ba za ta sayi ko buhun siminti ɗaya ba.

Game da tambayarka ta biyu, ba na ganin halaccin sayar da makin da tsaba a kan ragi. Hakki ne da aka ƙididdige da dala, sayar da 100 daga cikinsa da 60 tsaba kuwa sayar da kuɗi ne da kuɗi jinsi ɗaya tare da fifiko da jinkiri, alhali Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na birnin Amman a 1986 cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a babin riba. Na san akwai wanda zai ce makin kuɗi ne mai zaman kansa, saboda haka a canza shi hannu da hannu kamar yadda ake canza dala da naira, amma wannan fahimta ba ta gamsar da ni ba, domin darajarsa duka a rataye take da sunan dalar da aka laƙaba masa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Marwan ɗan Hakam an raba wa mutane takardun karɓar abinci daga Jar, tashar jiragen ruwa ta Madina, suka riƙa sayar da su a tsakaninsu kafin su karɓi abincin, sai Zaidu ɗan Sabit da wani sahabi suka shiga wurin Marwan suka yi masa inkari, ya aika dogarai suka bi takardun suna ƙwace su suna mayar wa masu su. Dalilin hanin a can shi ne sayar da abinci kafin karɓarsa, ba daidai yake da mas'alarmu ba ta kowace fuska, amma ya nuna yadda sahabbai suka tsananta a kan mayar da takardar hakki hajar kasuwa. Ƙari a kan haka, idan dokar kamfanin ta hana sayar da maki da tsaba kuma ka sa hannu a kanta, saɓa mata cin amanar sharaɗi ne.

Yanzu ka dubi halinka, ɗan'uwa. Bambancin tsabar da ke tsakanin tayin biyu dala 70,000 ne, wato za ka bar 70,000 da ke shiga aljihunka domin ka riƙe maki 120,000 da ba ya aiki a Kano, ba a aika shi gida, magini ba zai karɓa ba. Hukumar harajin Ostireliya kuma tana lissafa dalar musaya daidai da dalar ƙasa, don haka duk harajin da ya hau kan cinikin da tsaba za ka biya shi, haka ladan dillali, haka kamashon da kamfanin ke yanka a kan kowane ciniki. Mutumin da ke ɗaure kayansa zai bar ƙasa ba shi da hanyar halal ta cin moriyar wannan maki, hanyar da ta rage masa ita ce sayarwa da ragi, ita ce kuma wadda na ce ba ta halatta ba. Saboda haka abin da nake ba ka fatawa da shi shi ne ka karɓi tayin 550,000, ko ka koma ga mai saye na farko ka nemi ya rage makin zuwa iyakar abin da ka tabbatar za ka kashe kafin tafiyarka, kamar kuɗin kwasar kaya da masauki, bayan ka ji daga bakin masu waɗannan sana'o'in cewa za su karɓa kuma a kan wane farashi, sannan ka karanta takardar rajista da kyau don kada a ce akwai kuɗin ruwa a kan jinkirin biyan kamasho.

Wannan duka idan gidan naka ne kai kaɗai. Idan matarka ko wani yana da kaso a ciki, ko akwai hakkin magada ko marayu, to kai wakili ne a kan rabonsu, wakili kuma ba ya sayarwa sai da kuɗin da garin ke ciniki da su, sai fa idan mai hakkin baligi ne mai hankali kuma ya ba da izini a fili bayan an bayyana masa abin da makin yake. Rabon maraya kuwa ba a karɓar maki a kansa ko kaɗan.

Wallahu a'alam.