Amsa: Injin cika gas ɗin AC yana ɗaukewa da zarar kwamfireso ya tashi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce injin zuƙe gas da cika shi na garejinku a Jidda yana ɗaukewa ya sake kunna kansa duk lokacin da kwamfireso ya tashi, sikelin kuma yana ba da nauyin ƙarya. Don Allah kada ka yi saurin sayen sabon bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, tsadarsa ba wasa ba ce.

Fara duba farantin bayan injin, inda aka rubuta irin wutar da yake aiki da ita. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, injinan da ake kawowa daga Turai kuwa da yawa na 50 Hz ne. In wutar ta dace da injin, cire soket, ka jira kafasito, wato ƙananan na'urorin da ke adana wuta a bod, su sauke wuta, sannan ka buɗe. Ni kafasito na ɓangaren wuta nake zargi, domin zafin Jidda yana busar da su. Wanda kansa ya kumbura ko ya tsiyayar da ruwa ya mutu. Maido wuta cikin hattara, ka sa mita a layin volt 5, ka tada kwamfireso. In volt ɗin ya faɗi a daidai lokacin, ka kama ɓarawon. Canza kafasiton da masu lamba iri ɗaya da tsofaffin, amma masu jure zafin digiri 105.

Batun sikeli ma zai iya fitowa daga nan, tunda da wannan wutar yake awo. Duk da haka ka goge filoginsa, iskar teku na sa su tsatsa, ka tabbata tiyo bai danne tankin gas da ke kan sikelin ba, sannan ka sake saita shi da nauyin da ka sani.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka haɗe wayar na'urar tsaron matsin gas don injin ya ci gaba da aiki, tanki na iya fashewa.