Haɗa bargon ƙyallaye da yadin batik

Malama, kin ce kin tara ragowar yadin batik a shagonki na ɗinki a Bauchi, kina son haɗa bargon ƙyallaye kafin sanyin hunturu, amma kina tsoron zubar rini da tsallaken zare.

Batik sana'a ce da ta shahara a tsibirin Java na Indunusiya, har UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun duniya a 2009. Ana zana yadin da narkakken kaki kafin a tsoma shi a rini, shi ya sa launin yake ratsa fuska biyu, kuma saƙarsa ta fi ta yawancin yadin auduga matsewa, don haka bakinsa ba ya saurin zarewa.

Ki fara wanke kowane launi daban, ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kansa. Idan ya kama launi, ki sake wankewa. Shuɗi da ja sun fi yawan zuba, kuma ni kaina na taɓa ɓata farin yadi saboda gaggawa. Sannan ki sa sabuwar allura siririya mai tsini, lamba 70 ko 80, domin dakusasshiya ita ke jawo tsallake. Ki guji yawan farke ɗinki, saboda hujin allura yakan zauna a batik. Ɗinkin hannu kuwa yana gajiyar da yatsu sosai, gara keke.

Idan keken ya ci gaba da tsallake bayan canjin allura, ki kai shi wurin mai gyara ya duba saitinsa.